Wane labule ya dace da gida a Kano? A duba taga kafin a duba yadi

"Assalamu alaikum, Malam. Allah Ya nufa mun kammala gininmu a Rijiyar Zaki, muna shirin tarewa nan ba da jimawa ba. Gidan ɗaki uku ne da falo da kicin. Falon yana da manyan tagogi biyu masu kallon yamma, kuma ta ɓangaren titi suke. Ni raina ya kwanta da labulen karammiski mai kauri, ruwan hanta, irin wanda na gani a gidan wata ƙawata. Shi kuwa maigidan ya fi son na zamani mai falle-falle irin na ofisoshi, ya ce ya fi sauƙin gogewa. Muna da yara ƙanana uku, ɗaya tana fama da asma, ga shi gini ya cinye kuɗin hannunmu. Wanne ya kamata mu saya, kuma shin dole ne na gidan duka ya zama iri ɗaya?"

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sanya alheri, Ya sa ku shiga a sa'a. Idan na fahimce ki, abubuwa uku kike son a warware miki: wanda ya fi dacewa tsakanin labulen yadi mai nauyi da na falle-falle, yadda za a yi da lafiyar yarinya da ƙarancin kuɗi, da kuma ko wajibi ne a yi wa gida duka anko. Na shafe shekaru masu yawa ina ɗinka labule ina kuma kafa shi a gidajen birnin nan, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne yawancin masu saye daga kasuwa suke farawa, alhali daga jikin tagar ya kamata a fara. Mutum zai shiga Kantin Kwari ko Sabon Gari, yadi ya ɗauki idonsa a ƙarƙashin fitilar shago, ya sa a yanka, sai an rataya sannan ya gane ɗakin ya yi duhu, ko ya ƙara zafi, ko kuma launin ya ƙi zama da kujeru. Yadin da aka yanka kuwa ba ya komawa.

Aikin da ake so labule ya yi

Tun kafin zuwan gilashi da alminiyam, iyayenmu sun san amfanin asabari da tufaniya a bakin ƙofa: su tare idon mai wucewa, su rage rana, iska kuma ta ci gaba da shiga. Ginin ƙasa na cikin birni, irin wanda har yanzu ake gani a unguwannin da ke kewaye da Dala da Kurmi, yana da bango mai kauri da 'yan ƙananan tagogi can sama, saboda haka ginin da kansa yake tsare zafi da sirri. Ginin bulo na yanzu ya zo da tagogi masu faɗi a daidai ƙirjin mutum, sai nauyin da bango yake ɗauka a da ya koma kan labule. Shi ya sa nake cewa labule a Kano sutura ce kafin ya zama ado. Aikinsa na farko sirri, na biyu tare rana da zafi, na uku jure ƙura da wanki, kwalliya kuma ta biyo baya. Ban raina kwalliya ba, domin da ita nake cin abinci, amma idan aka sa ta a gaba, sauran ukun su ne za su riƙa damun mai gida kullum.

Inda taga ta kalla

Kin taimaka ƙwarai da kika faɗi cewa tagogin falonki yamma suke kallo, domin wannan bayani shi kaɗai ya yanke rabin hukuncin. Tagar yamma ita ce mafi wahala a garin nan. Daga bayan azahar har faɗuwar rana, hasken yana shigowa a kaikaice, ya ratsa gilashi ya sauka a kan tayil da kujeru, kuma a watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano yake kaiwa digiri 40 har ya haura, bango da ƙasan ɗakin suna riƙe wannan zafi su riƙa sako shi har bayan isha'i. Tagar gabas ranar safiya take sha, wadda ba ta kai ta yamma ƙuna ba, sai dai ita ce ke karɓar iskar hadari da feshin ruwa a damina, tun da yawancin hadarinmu daga gabas yake tasowa. Tagar kudu tana samun rana sosai a lokacin hunturu, sa'ad da rana take karkata kudu. Ta arewa ita ce mafi sauƙi, ba ta ganin rana kai tsaye sai daga ƙarshen Maris zuwa wajen ƙarshen Satumba, kuma ko a lokacin ba mai tsanani ba, amma iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, don haka tagogin arewa da gabas su ne ƙofar ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Yanzu mu ɗora karammiskin da kike so a kan tagar yamma. Launi mai duhu yana shan zafin rana, ba ya mayar da shi waje. Idan kika sa hannu a bayan labule ruwan hanta da ƙarfe 4 na yamma a watan Afrilu, za ki ji shi kamar an sauke shi daga dutsen guga, kuma wannan zafin cikin falon zai ƙare. Na biyu, rana tana cin launi, ja da ruwan hanta da shuɗi mai duhu kuwa su ne kan gaba wajen koɗewa. Na taɓa sauke wani labule a wani gida a Hotoro, wanda bai daɗe a rataye ba, da muka shimfiɗa shi a tsakar gida sai ga shi zane-zane: cikin tattarar yana nan da launinsa na asali, bakin tattarar da ke fuskantar gilashi kuwa ya koma kamar ruwan ƙasa, har yadin yana yagewa da ɗan ja kaɗan. Matar gidan ta ɗauka an sayar mata da jabu ne, alhali yadin mai kyau ne, shafi ne kawai ba a yi masa ba.

Shafi shi ne maganin wannan. Kamar yadda ake yi wa babbar riga shafi, haka ake ɗinka wa labule wani yadi fari ko ruwan madara a bayansa, ta ɓangaren da ke kallon waje. Farin yana mayar da wani kaso na hasken ta gilashin da ya shigo, ya kare launin labulen, ya kuma ba shi nauyin da zai zuba da kyau. Akwai kuma yadi na musamman mai toshe haske baki ɗaya, wanda ake samu a wajen masu sayar da kayan labule. Idan za ki saya, ki ɗora shi a kan fitilar waya ki gani, in haske ya ratso to ba shi ba ne. Duk inda kuɗi ya gaza, gara a rage tsadar yadin gaba a yi shafi, da a sayi mai tsada a rataya shi tsirara a gaban rana.

Sai dai gaskiya ita ce labule yana tare rana ne bayan ta riga ta shigo ta gilashi. Abin da ya fi kowane labule shi ne inuwar waje: 'yar rumfa a saman taga, ko itacen darbejiya ko umbrela da aka dasa nesa kaɗan da bango ta yamma. Tun da gidan naku ne ba haya ba, ki ba maigida wannan shawara tun yanzu, domin itace yana bukatar shekaru. Haka kuma idan zafin daga rufi yake saukowa, labule ba zai magance shi ba.

Tsakanin ra'ayinki da na maigida

Maigida yana da gaskiya ta wani ɓangare. Labulen falle-falle, na roba ko na alminiyam, ba ya shan ƙura ya riƙe kamar yadi, ana iya karkata shi a rage haske ba tare da an rufe iska ba, kuma ba ya cin wuri. Amma maganar sauƙin gogewa tana bukatar gyara. Wanda fallayensa suke kwance, kowane falle faranti ne da ƙura za ta zauna a kai, kuma a cikin hunturu sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai laima kusan kowane mako. Wanda fallayensa suke tsaye daga sama zuwa ƙasa ya fi shi sauƙi, sai dai a gidan da ke da yara ƙanana bai cika yin ƙarko ba, domin 'yar sarƙar da ke haɗa ƙasansa tana tsinkewa, fallayen su riƙa faɗuwa, kuma idan fanka tana juyawa yana ta ƙwanƙwasa. A ofis yana daɗewa ne saboda babu mai wasan ɓuya a bayansa. Akwai na uku, wanda ake naɗewa sama kamar tabarma, ciki har da wanda 'yan kasuwa ke kira dare da rana, mai layi mai kauri da layi mai shara-shara. Wannan shi na fi yarda da shi a cikinsu, domin shafe yake, ƙura ba ta samun wurin zama, kuma ana goge shi a tsaye.

Akwai wani abu da ban taɓa yin shiru a kansa ba idan na ji an ce akwai yara: igiya ko sarƙar da ake jan waɗannan labulaye da ita haɗari ce. Idan ta sauko ƙasa ta yi zobe, yaro mai rarrafe ko mai hawa kujera yana iya sa wuyansa a ciki ya shaƙe, kuma abin ba ya ɗaukar lokaci, ba ya kuma yin ƙara. Duk inda kuka sa irin wannan, a gajarta igiyar, a kafa mata maƙali a bango can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada kuma a ajiye gado ko kujera a ƙarƙashinta.

Ke ma kina da gaskiya, domin falon Bahaushe wurin karɓar baƙi ne, kuma labulen yadi yana ba ɗaki kwarjini da taushin da roba ba ta bayarwa, yana kuma rage amsa-kuwwar da ɗaki mai tayil da silin na fi-o-fi yake yi. Karammiskin ne kawai ban goyi baya ba, saboda rana da kuma yarinyar nan. Gashin karammiski yana kama ƙura ya ɓoye ta, ba ya wankuwa a gida cikin sauƙi, idan ya jiƙe nauyinsa yana wahalar da mai shanya, don haka akan bar shi shekara guda ko fiye ba a sauke ba. Duk sanda aka zuge shi, ƙurar da ya tara ita ke tashi a ɗakin. Maganar magani da abin da ke tayar wa yarinya ciwo ta likitanta ce, ni tela ne, amma abin da ya shafi sana'ata shi ne a gidan mai asma a zaɓi abin da za a iya saukewa a wanke akai-akai ba tare da an kira kowa ba.

Abin da zan yi da a ce falon a hannuna yake shi ne labule hawa biyu a kan ƙarfe biyu. Na jikin gilashi ya zama mai shara-shara fari, wanda zai zauna a rufe da rana, ya tace haske ya tare idon mai wucewa. Na gaba ya zama yadi mai matsakaicin nauyi, mai santsi ba mai gashi ba, na folista ko haɗin folista da auduga, da farin shafi. Folista ba ta shiga idan an wanke, tana bushewa da wuri, ta kuma fi siliki jure rana nesa ba kusa ba. Ki kula da abu ɗaya game da mai shara-sharan, musamman da yake tagoginki titi suke kallo: yana suturtawa ne muddin waje ya fi ciki haske. Da zarar magariba ta yi aka kunna fitila, na waje yana ganin duk abin da ke cikin falo, ke kuwa ba kya ganinsa. Gidaje da yawa suna cikin wannan hali ba su sani ba. Ki sa a riƙa jan mai kaurin tare da kunna fitila, kuma ranar da aka kafa ki fita titi da daddare ki duba da idonki.

Launi da zubin gida

Ba dole ba ne gida duka ya zama iri ɗaya, hasali ma bai kamata ba, tun da aikin kowane ɗaki daban ne. Abin da ke haɗa kan gida shi ne shafi: idan duk shafin fari ne, wanda ya tsaya a waje zai ga tagogin sun zama bai ɗaya, ciki kuwa kowane ɗaki da nasa.

A falo, ki fara da abin da ba ya canzuwa da sauƙi, wato tayil da fenti da kujeru. Idan kujerun da kafet suna da zane mai yawa, labulen ya zama mara zane. Idan su ne marasa zane, labulen yana iya ɗaukar ado. Ruwan toka, ruwan madara, ruwan zuma da ruwan ƙasa mai haske su ne suka fi zama lafiya da garinmu, domin ƙurar hunturu ba ta bayyana a kansu kamar yadda take fitowa fili a kan baƙi ko shuɗi mai duhu, ba sa kuma nuna datti da sauri kamar fari fat. Ruwan hantar da ranki yake so ba sai kin haƙura da shi ba: a sa shi a matsayin baki mai faɗin inci 4 zuwa 6 a gefen labulen, ko a maɗaurinsa, ko a matasan kujera, sai ya fi fitowa fiye da a ce ya lulluɓe bango guda. Kwalliyar sama mai lanƙwashe-lanƙwashe da geza da tuntu tana yi wa babban falo mai dogon silin kyau, amma a matsakaicin ɗaki tana danne shi, tana cin yadi, kuma ita ce matattarar ƙura da yanar gizo. Ki kuma duba zanen yadin da kyau kafin a yanka, domin wasu suna ɗauke da surar tsuntsaye ko dabbobi da ba a lura da su sai an buɗe. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Nana A'isha ta kawar da wani labule mai zane saboda yana ɗauke masa hankali a salla, don haka ɗakin da ake salla a ciki ya fi dacewa da mara zane.

Mai son abin gida yana iya kai farin yadin auduga marinar Ƙofar Mata a rina masa da baba, yana kuwa yin kyau a ɗakin karatu ko falon maigida. Sharaɗinsa a wanke shi sosai kafin ɗinki saboda zuba, a yi masa shafi, a kuma ba shi tagar arewa.

Kada ki yanke hukunci a cikin shago. Ki roƙi ɗan ƙyalle, ki kai gida ki ɗora a jikin bango da kujera, ki gan shi da hantsi, da la'asar, da kuma ƙarƙashin fitilar dare.

A ɗakunan kwana, mai toshe haske ya fi amfani, musamman ga mai jego ko mai aikin dare. A ɗakin yara, inda mai asmar take kwana, nan ne ra'ayin maigida zai yi aiki: labule mai naɗewa da aka tsare igiyarsa, ko kuma gajeren labule mara nauyi da zai tsaya kaɗan a ƙasan taga, wanda za ki iya cirewa ki wanke duk bayan mako biyu ko uku a lokacin hunturu. A kicin kada a sa dogon yadi ko kaɗan, ballantana kusa da murhun gas. Na alminiyam ko na roba mai gogewa ya wadatar, domin maiƙo da ƙura idan suka haɗu a yadi ba sa fita. Haka nan kaskon turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a nisanta su da gindin labule, saboda folista narkewa take yi tana ɗiga idan ta kama.

Awo da kafawa

Nan ne kuɗi yake zubewa ba a sani ba. A ce faɗin tagarki ƙafa 6 ne, wato inci 72. Ƙarfen labule ya kamata ya zarce taga da kamar inci 8 ta kowane gefe, domin idan an zuge labulen ya koma jikin bango ya bar iska ta shiga, idan an rufe kuma kada a hango ciki ta gefe. Tsawon ƙarfen ya zama inci 88 ke nan. Labule yana bukatar ninki biyu na wannan kafin tattararsa ta fito, wato inci 176, kuma tun da yadi ɗaya inci 36 ne, yadi 5 kike bukata ga taga guda, idan yadin mai faɗin nan ne na inci 110 da ake juya faɗinsa ya zama tsawo. Mai shara-shara yana son ninki biyu da rabi ko uku. Idan aka tsuke aka sa ninki ɗaya da ɗoriya, sai labule ya tsaya kamar zanin gado da aka shanya, ko da yadin na nawa ne. Ki tuna kalmasa ta sama da ta ƙasa za su ci wasu inci daga cikin 110 ɗin, saboda haka idan silin ɗinku dogo ne a auna kafin a saya. Idan yadin auduga ne zalla, a jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, domin yana shiga.

A kafa ƙarfen aƙalla inci 6 sama da taga, ko ma kusa da silin, sai ɗakin ya ƙara tsawo a ido. Ƙasan labulen ya tsaya kamar inci ɗaya kafin tayil. Wanda ake bari yana jan ƙasa a hotuna ba na gidan da ake shara da goge-goge sau biyu a rana ba ne, bakinsa zai yi baƙi cikin wata guda. Game da yadda ake rataya shi, mai zobba da aka huda a jikin yadin ya fi sauƙin cirewa da mayarwa ga matar gida, mai ƙugiya kuwa ya fi fitar da tattara amma yana cin lokaci ranar wanki.

Kada a yi araha a ƙarfe da maƙalansa. Siririn ƙarfe yana lanƙwasawa a tsakiya, kuma duk wanda ya haura ƙafa 6 yana bukatar maƙali na uku a tsakiya. Bulonmu mai rami ne, idan aka huda aka faɗa ramin, sukurun ba ya samun abin kamawa, sai ranar da yaro ya rataya a jikin labule komai ya zubo tare da filasta. Ki sa mai kafawa ya nemi kankaren linta ko wurin da bulo yake cike, ya sa roba mai kyau a ramin, ya kuma tambayi wanda ya yi wayarin inda wayoyi suka bi kafin ya fara huda.

Tun da kuɗin hannu ya yi ƙasa, ba sai an gama komai rana ɗaya ba. A fara da tagogin yamma na falo da ɗakunan da za a kwana, a yi su da shafi da ƙarfe mai kyau, a kafa ƙarfe mai hawa biyu tun yanzu ko da hawa ɗaya za a fara ratayawa, don kada a sake huda bango daga baya. Lissafin da na yi a sama misali ne a kan taga mai ƙafa 6, ni kuwa ban ga gidan ba, tagogin gida ɗaya ma sukan bambanta da inci ɗaya ko biyu. Ki sa wanda zai ɗinka ya zo da kansa ya auna kowace taga bayan an gama tayil da silin, ya rubuta awon a gabanki, kuma idan da hali ya zo da la'asar, lokacin da rana take kan tagogin falon.